Tarihin Dandalin Dara a Yammacin Zamfara

A birnin Southampton na Ingila akwai filin wasan gara ƙwallo wanda ake amfani da shi tun 1299, tarihinsa kuwa yana nan a rubuce. Takwaransa a ƙauyukan Anka da Gummi da Bukkuyum shi ne dandalin dara, inda akan tona gurabe 30 a ƙasa, kowane ɗan wasa ya riƙe 'ya'ya 12, wanda duk ya jera uku ya ci ɗaya. Da yake dandalin ba shi da magatakarda, tarihinsa yana cikin kawunan dattawa ne. Rikicin 'yan bindiga da ya kunno kai wajen 2011 ya tashi ƙauyuka da dama, ya warwatsa waɗannan dattawa. Saboda haka wajibi ne manazarta su ɗauko tarihin daga bakinsu tun suna raye.