Ƙaramin ido mai faɗin gani: daga Wetzlar zuwa Kyiv da Nagano

Yau tarihin wani ɗan gilashi za mu bi, wanda bai wuce murfin kwalba girma ba, amma ya yi tasiri a kan tambayar wa ke iya ɗaukar hoton abin da ke faruwa a titi. Ina nufin idon kyamara mai faɗin gani, irin wanda ake ɗaura wa kyamarar da ake kira renjifainda, wato mai auna tazara.

Bari mu fara da yadda ita kyamarar take. Tana da ƙananan tagogi biyu a gaba. In ka leƙa, za ka ga hoton abu ya rabu biyu a tsakiya. Sai ka yi ta murza idon har su haɗe su zama ɗaya, to ka daidaita ke nan. Babu madubi a cikinta, kuma ku riƙe wannan, nan ne duk labarin yake.

Oskar Barnack, wani injiniya a kamfanin Leitz da ke garin Wetzlar a Jamus, shi ya ƙera samfurin farko kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, yana amfani da fim ɗin sinima mai faɗin milimita 35. A 1925 aka fito da ita kasuwa da sunan Leica. A 1930 aka samu ido mai milimita 35 mai suna Elmar, a 1932 kuma Leica II ta zo da ma'aunin tazara a jikinta. A shekarar ce Zeiss Ikon, babban abokin hamayyarsu, ya fito da Contax, daga baya Ludwig Bertele ya zana mata idon Biogon mai milimita 35. Ƙa'idar lambobin ba wuya: ƙaramar lamba, faɗin gani. 50 na kusa da ganin idon mutum, 35 da 28 sun fi faɗi, 21 da 15 kuwa sai su haɗiye ɗaki gaba ɗaya.

To me ya sa idanun nan suke ƙanana? Ido mai faɗin gani yana son ya zauna dab da fim. A Leica mai bakin M, tazarar bakin kyamara zuwa fim milimita 27.8 ce. A Nikon F, wadda ta fito 1959 da madubi mai ɗagawa duk sanda aka danna, tazarar milimita 46.5 ce, don dole a bar wa madubin wurin motsi. Sai da Pierre Angénieux na Faransa ya fito da wani tsari a 1950 da ke ture gilashin gaba, nesa da fim, sannan masu madubi suka samu faɗin gani. Amma tsarin yana cin gilasai da yawa, ido ya yi kai, ya yi nauyi. Renjifainda ba ta da wannan wahalar.

Matsalarta ɗaya, kuɗi. Leica da Contax kayan masu hannu da shuni ne tun fil'azal. Arha ta shigo ne ta hanyar da Jamusawa ba su so ba.

Tun 1934 Tarayyar Sobiyet ta fara kwaikwayon Leica a Kharkiv, a wata cibiyar horar da marayu da yaran titi da Anton Makarenko ya jagoranta. Sunan kyamarar FED, haruffan sunan Felix Dzerzhinsky, mutumin da ya kafa 'yan sandan ciki na Sobiyet. Ku duba haɗin nan fa. Bayan 1945 kuma Rashawa suka kwashe injuna da zane-zanen Contax daga Jamus zuwa masana'antar Arsenal a Kyiv a matsayin diyyar yaƙi, aka ci gaba da ƙera ta da sunan Kiev. Biogon ɗin Bertele ya koma Jupiter-12. An yi shekaru gommai ana buga shi, shi ya sa har yau yana cikin mafi arha a kasuwar gwanjo. In ka juya bayansa za ka ga wani ƙaton gilashi ya turo kamar idon kwaɗo, yana shigewa can cikin kyamara, har akwai kyamarorin da ba ya shiga sam. Ingancin aikin Sobiyet sa'a ne, wani ka dace, wani ka yi asara. Japanawa ma, Canon da Nikon, da kwaikwayon Jamus suka fara, kafin su wuce gaba.

Yanzu ga abin da ya fi jan hankalina. Ido mai faɗin gani ba ya barin ka tsaya nesa. In kana son fuskar mutum ta cika hoto da milimita 28, sai ka zo inda zai iya miƙa hannu ya taɓa ka. Garry Winogrand da haka ya ɗauki titunan New York, da Leica da ido mai 28. Sannan in ka tsuke ƙofar haske ka ajiye ma'auni a mita 3, kusan duk abin da ke gabanka, daga 'yan taku kaɗan har can nesa, zai fito tsaf. Ba sai ka kai kyamara fuska ba, daga ƙirji ma za ka iya dannawa. Ga shi babu ƙarar madubi.

Inda hukuma ba ta son a ga abin da take yi, ƙanƙantar kayan aiki ba ado ba ce. Peter Magubane, mai ɗaukar hoto na mujallar Drum a Afirka ta Kudu zamanin wariyar launin fata, ya taɓa ƙwaƙule cikin burodi ya ɓoye Leica ɗinsa, yana yi kamar yana ci alhali hoto yake ɗauka. An tsare shi a kaɗaice kwana 586. Wanda ke ɗauke da ido mai tsawon tabarya, tun daga nesa ɗan sanda ya gano shi. Ni a ganina, duk mai maganar waɗannan idanun a matsayin kayan gayu na masu kuɗi ya bar rabin labarin a baya.

Daga shekarun 1960 masu madubi suka mamaye kasuwa, renjifainda ta kusan zama ta Leica kaɗai, farashi ya yi sama. Har an ɗauka ta mutu. Sai 1999 wani kamfanin Japan a lardin Nagano, Cosina, ƙarƙashin Hirofumi Kobayashi, ya karɓi lasisin tsohon sunan Voigtländer ya fito da Bessa L. Kyamara ce da ba ta da tagar leƙe ma, balle ma'aunin tazara, sai na'urar auna haske kawai. Tare da ita aka fito da idanu biyu: Super Wide-Heliar mai milimita 15 da Snapshot-Skopar mai 25. Kafin nan, mai son 15 a kan Leica sai dai ya nemi Hologon na Zeiss, wanda kaɗan aka ƙera, masu tara kayan tarihi ke rige-rigen saye. Rana ɗaya ɗalibi ya samu faɗin ganin da a da ko ƙwararre sai ya yi tunani. Kuma bakin da suka yi masa irin na murɗawa ne na tsohuwar Leica, don haka yana hawa FED ɗin kakanka in kana da ita.

Da zamanin dijital ya zo, abin da ya sa idanun ƙanƙanta ya zame musu aibi. Fim bai damu da ta inda haske ya faɗo masa ba, amma na'urar dijital tana son ya zo mata kai tsaye. Ido da ke dab da ita yana jefa haske a karkace, sai kusurwoyin hoto su yi duhu ko su yi jaja-jaja. A 2015 Cosina ta sake zana Heliar ɗin saboda haka, sabon ya fito ya fi tsohon girma. Yanzu kamfanonin Sin irin su 7Artisans da TTArtisan ne ke yin masu arha a bakin M. Babbar kyamarar da ke bayan yawancin wayoyinmu kuwa, faɗin ganinta ya yi daidai da milimita 24 zuwa 28, kusan inda Winogrand ya tsaya.