Garake da kasuwannin kayan marmari na Yamai: abin da mai ziyara ya kamata ya sani, daga Gaweye zuwa Harobanda

Gaweye na cikin tsofaffin unguwannin da birnin Yamai ya tsiro daga cikinsu, a bakin kogin Isa. A zamanin da kuɗin uraniyom suka shigo ƙasa, wajen ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980, aka tashi mazaunanta, aka gina otel Gaweye da babban zauren taro na Palais des Congrès a wurin. A yau unguwa ce ta ofisoshi da manyan baƙi, amma duk wanda ya tsaya a gindin gadar Kennedy yana tsakiyar yankin da ke ba birnin ganye da kayan marmari. Garake na biye da gaɓar kogi ta dama da ta hagu, kasuwannin da ake kai amfaninsu kuma ba su da nisa. Wanda ya san inda kowane kaya ke fitowa da lokacin da yake nuna, zai sayi mai kyau a farashi mai sauƙi, kuɗinsa kuma su shiga hannun wanda ya yi wahalar ban ruwa.

Inda garaken suke

Mafi kusa da Gaweye su ne na kwarin Gounti Yéna, ƙoramar da ta raba unguwar Plateau da tsohon gari kafin ta zuba a kogi. Ana noma salati, shu, alayyafo da yakuwa a ƙananan fangula cikin kwarin. Idan aka bi kogi sama, sai gaɓar Yantala da Goudel, inda masu pepiniyar ke jera dashen mangwaro, lemu, gwaba da furanni cikin leda a bakin hanya. Idan aka gangara ƙasa, sai gaɓar Gamkalley, wadda ta daɗe da suna wajen noman ganye, daga nan a kai ga fadamar shinkafa ta Saga.

Manyan gonakin itatuwa sun fi yawa a hayin kogi, wato Harobanda, gunduma ta biyar ta birnin. Tun da aka buɗe gadar Kennedy a shekara ta 1970 wannan ɓangare ya haɗu da cikin gari. Gada ta biyu ta biyo baya a 2011, ta uku a 2021. A Lamordé, Nogaré, Kirkissoye, Saguia da tsibirin Néini Goungou za a tarar da mangwaro masu shekaru, a ƙarƙashinsu an shuka ganye, rogo ko zogale. Ƙauyen Sarando, a yamma da birnin, ya yi fice wajen zogale, ganyen da Zabarmawa ke yin kopto da shi, ake kuma cuɗa shi da dambu. A hayin ne kuma sashen koyon aikin gona na jami'ar Abdou Moumouni da cibiyar Agrhymet suke.

Masu aikin garka a Yamai ba ƙabila ɗaya ba ne. Akwai Zabarmawa ƴan asalin ƙauyukan bakin kogi, akwai Gurmawa da Mosawa waɗanda iyayensu suka zo daga Burkina Faso, akwai kuma Hausawa ƴan ci-rani. Da yawansu ba su mallaki filin da suke nomawa ba; aro ne ko haya daga iyalan da suka gaji ƙasar.

Kogi shi ke tsara aikin

Ruwan saman Yamai bai cika wuce milimita 500 zuwa 600 a shekara ba, kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba. Sauran watanni takwas, garka na rayuwa ne da ruwan kogi ko na rijiya, wanda ake ɗiba da arozuwar ko a jawo da injin ban ruwa. Kogin Isa na cika sau biyu a Yamai. Cikar farko ita ce ta jan ruwa, a watannin Agusta da Satumba, wadda ƙoramun yankin irin su Sirba ke kawowa. Ta biyu tana isowa ne cikin sanyi, daga Disamba zuwa Fabrairu, ruwan da ya taso tun daga duwatsun Gini ya ratso Mali. Wannan cika ta biyu ce ke riƙe da noman rani, domin tana zuwa daidai lokacin da ganye ya fi son ruwa.

Noman rani ya samu ƙarfi ne bayan farin 1984, lokacin da gwamnatin Seyni Kountché ta yi yekuwar a rungume shi don cike giɓin hatsi. A shekara ta 1985 kogin ya kai ga tsayawa da gudu a Yamai, abin da dattawan garka ba su manta ba har yanzu. A ƴan shekarun nan kuwa yawan ruwa ne ya zama abin tsoro. Ambaliyar 2012 ta cinye garake masu yawa, a watan Satumban 2020 kuma ruwa ya kai santimita 700 a ma'aunin Yamai, ya fasa madatsar Lamordé. Ganye ana iya sake shuka shi bayan ƴan makonni, amma iccen lemu ko mangwaro da ya daɗe tsaye cikin ruwa yakan mutu, kuma sabon dashe mai aure sai ya yi shekara uku zuwa huɗu kafin ya fara ba da ƴaƴa.

Kowane kaya da lokacinsa

Lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ne lokacin yalwa. Salati, shu, karoti, tumatir da tattasai na cika kasuwa, farashinsu kuma ya faɗi. A nan ne dankalin turawa na Bonkoukou ke shigowa, da rake, da lemun Timia daga duwatsun Ayar. Wanda ke son ganin garka cikin kyanta, wannan ne lokacin zuwa.

Bazara ta mangwaro ce. Na farko da ake gani a kasuwa, wajen Fabrairu da Maris, daga kudu yake zuwa, musamman Burkina Faso da ƙasashen gaɓar teku. Na gonakin Yamai da na Gaya yakan nuna daga Afrilu zuwa Yuni. Iri biyu ne a dunƙule: ƙaramin na gargajiya mai zare, wanda ake sayarwa kashi-kashi da araha, da babban mai aure, irin su Kent, Keitt da Amélie, mai tsoka da yawa da ƙaramin ƙwallo. Kankana da malo ma na samun kasuwa cikin zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40.

Da damina kuɓewa, yakuwa, yalo da ɗanyar masara ke yawa, gwaba kuma ta biyo baya wajen ƙarshenta. Tumatir kuwa yakan yi wuya, domin zafi da laima ba sa barin na gida ya yi kyau. Sai a dogara da wanda ake shigowa da shi daga Najeriya, Burkina Faso, har ma da Maroko. Shi ya sa uwargida mai dabara ke shanya tumatir tun cikin sanyi ta ajiye kauɗa.

Akwai kuma ƴaƴan itatuwan daji, waɗanda mata ke kasawa a bakin kasuwa: magarya, aduwa, goruba, kanya, tsamiya, ƴaƴan kuka, da muruci na dazukan giginya na yankin Gaya. Magarya ta samu ƴar'uwa mai aure, wadda ake kira Pomme du Sahel, mai girma kamar ƙaramin tumatir. Cibiyar bincike ta ICRISAT da ke Sadoré, kan hanyar Say, ta taimaka wajen yaɗa ta. Azumin Ramadan na matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, kuma duk lokacin da ya faɗo, kuɗin dabino, lemu, kankana da ayaba sai sun tashi.

Kasuwannin

Shekaru da dama, Ƙaramar Kasuwa, wadda Zabarmawa ke kira Habou Ganda, ita ce cibiyar ganye da kayan marmari, tafiyar ƴan mintoci a ƙasa daga Gaweye. Gobara ta cinye ta a shekara ta 2012, ƴan kasuwarta suka watsu zuwa wasu wurare. Kasuwar Djémadjé, da ke kusa, na cikin inda ake samun ganye da ɗanyen kifi da sassafe. Babbar Kasuwa, Habou Béné, ita ma ta taɓa ƙonewa a 1982, aka sake buɗe ta a 1987. Ta fi ƙarfi a tufafi da kayan masarufi. Mai son sari sai ya nufi Katako, inda manyan motoci ke sauke lemu, mangwaro, ayaba da doya. Wadata, Yantala da Harobanda kowace na da tata kasuwar. A gaɓar kogi kusa da gadar Kennedy kuma, jiragen ruwa kan sauke tulin kabewa daga garuruwan bakin kogi.

Ba duk abin da ke kan tebur ne amfanin Nijar ba. Albasar Galmi, tattasan Diffa, dabinon Kawar da lemun Ayar na gida ne. Abarba kuwa an saba kawo ta daga Benin, ayaba daga ƙasashen gaɓar teku, tuffa daga nesa. Rufe iyakar Gaya da Malanville bayan 26 ga Yulin 2023 ya tsawaita hanyar irin wannan kaya, kuma kowa ya ji a aljihunsa.

Mai son saye kai tsaye daga hannun manomi yana da dama biyu a cikin gari. Cikin sanyi manoman jihar Agadas kan kawo baje kolinsu Yamai, da lemu, rumman, tafarnuwa, albasa da dankali. Akwai kuma baje kolin noma da kiwo na SAHEL-Niger, wanda ke tara manoma daga jihohi takwas na ƙasar. A wajen gari, kasuwar Boubon na ci ranar Laraba, ta Balleyara ranar Lahadi. Kafin a kama hanyar ko wace daga cikinsu, a tambayi halin tsaro.

Ciniki a Yamai da dala ake yinsa: dala ɗaya sefa 5 ce, dala ashirin sefa 100, jika kuma sefa 1000. Ana sayarwa da kashi, da tiya, da kwando ko da kilo. Idan mai kaya Bazabarma ce, "marje no?" shi ne "nawa ne?", kalmar "albarka" kuwa ma'anarta ɗaya a harsunan biyu. Wanda ya yi ciniki da fara'a ba ya rasa gyara.

Ladubban shiga garka

Garka wurin neman abincin wani ne, don haka da sallama ake shiga, a gaida mai ita da "Baba" ko "Malam" gwargwadon shekarunsa, a faɗi abin da ya kawo mutum. Lokacin da ya fi dacewa shi ne da hantsi ko bayan la'asar. A bi ta kan kunya, kada a taka fangali, kada yara su tsinki ko da ɗan da ya faɗo ƙasa sai an ba su. Sau da yawa za a ga fangalin salati ya yi kyau amma mai garka ya ce ba na sayarwa ba ne. Ba rowa ba ce: mata ƴan sari kan saye fangali sukutum tun kafin ya isa yanka, su zo da asuba su kwashe. Mai sayen dashe kuma ya duba wurin auren a jikin icce, ya tambayi sunan irin, ya dasa da farkon damina.

Lafiyar abin da ake ci

Ruwan Gounti Yéna na gauraye da dattin gidaje, saboda haka duk ganyen da za a ci ɗanye sai an wanke shi da ruwa mai tsabta, a jiƙa shi cikin ruwan da aka ɗiga wa jabel ko farmanganat bisa ƙa'idar da jami'an kiwon lafiya suka nuna, sannan a ɗauraye. Ƙwari ma sun ƙaru. Ƙudan mangwaro, wanda ya bazu a Afirka ta Yamma tun tsakiyar shekarun 2000, yana huda fata ya saka ƙwai, sai a ga waje lafiya ciki tsutsa. Tsutsar tumatir ta Tuta absoluta, wadda ta yi ɓarna a Kano da Kaduna a 2016, ta shigo Nijar ita ma. Wannan ke tura wasu ga magungunan da kwamitin ƙasashen Sahel na CILSS bai amince da su ba, irin su piya-piya. Tambayar mai garka yaushe ya yi feshin ƙarshe ba laifi ba ne. Mangwaro ko ayaba da fatarsu ta yi rawaya ɗau amma babu ƙamshi, ciki kuma da tsami, alama ce ta cewa da karbir na masu walda aka nunar da su.

Filin da ke raguwa

Babbar barazana ga garaken Yamai ita ce gini. Filin bakin kogi ya yi tsada, kuma mai ƙasa na iya samun kuɗin hayar shekaru masu yawa a rana ɗaya idan ya yanka shi fuloti-fuloti. Manomin da ke zaune bisa aro ba zai dasa iccen da sai bayan shekara huɗu zai ci moriyarsa ba. Abin da ya samu dajin dogon yaro na Ceinture verte, wanda aka fara dasawa a 1965 gidaje kuma suka yi ta cinsa, ya isa darasi. Dokar tsarin karkara ta 2 ga Maris 1993 ta tanadi kwamitocin filaye da ke rubuta yarjejeniyar aro, haya ko saye, kuma ƙungiyoyi irin su tarayyar masu noman rani ta FCMN-Niya da haɗaɗɗiyar majalisun manoma ta RECA na ba da shawara kan iri, magani da kasuwa. Takarda a hannun mai garka da mai saye da ke dawowa kowane mako su ne ke sa mutum ya yi ƙarfin halin dasa icce. Duk garkar da ta zama bene a Gamkalley ko Saguia, kwandon da ake ɗaukowa daga cikinta sai an nemo shi daga nesa, da kuɗin mota a kansa.