Aina Onabolu: Akawun Kwastan Da Ya Shigar Da Zane Makarantun Ikko

Jama'a, da yawa daga cikinmu mazauna Ikko mun sha wucewa ta Iganmu a mota, muna hango katafaren gidan wasannin nan na ƙasa mai kama da hular soja. Amma ba kowa ne ya san cewa a harabarsa an sa wa wani gini sunan wani Bayarabe, Aina Onabolu ba. Mutumin nan ba sarki ba ne, ba ɗan siyasa ba ne, bai kuma tara dukiyar a zo a gani ba. Mai zanen hoto ne da fenti da buroshi. To, tun da a garin mutane muke zaune, ya kyautu mu san waɗanda masu garin suke girmamawa, da dalilin girmamawar.

An haife shi a Ijebu-Ode a shekarar 1882. Yana ɗan shekara 9 ke nan, a 1892, Turawan Ingila suka kai wa Ijebu yaƙi suka ci ta da ƙarfin bindiga, don su buɗe hanyar ciniki daga bakin teku zuwa cikin ƙasar Yarbawa. A nan akwai abin da ya shafe mu, ko da ba mai daɗin faɗi ba ne: cikin rundunar da ta ci Ijebu akwai dakarun nan da ake kira Hausawa, waɗanda Turawa suka ɗauka aiki a Ikko da Gwalkwas. Bayan yaƙin ne mishan da makarantun boko suka kwararo cikin garin, tare da littattafai da mujallu masu hotuna. Waɗannan hotuna su suka ɗauke hankalin yaron. Ya riƙa kwaikwayonsu da fensir, ba malami, ba mai gyara masa, sai ido da naci.

Daga baya ya zo Ikko ya ƙarasa karatu, ya sami aikin akawu a hukumar Kwastan. Da rana yana kan teburin gwamnati, da dare da ranakun hutu yana kan zanensa. A 1906 ya zana hoton wata mata daga manyan gidajen Ikko, uwargidan Spencer Savage. Masana tarihin zane suna lissafa wannan hoto cikin ayyukan farko na zanen zamani da hannun ɗan ƙasar nan ya yi.

Sai mai karatu ya ce, to mene ne abin mamaki don mutum ya zana mace zaune? Ai abin ba a hoton kaɗai yake ba, a zamanin yake. A lokacin, Turawan mulki da 'yan mishan da yawa sun riƙe cewa baƙin mutum iyakarsa sassaƙar gunki da saƙa da rini, wai kansa ba zai ɗauki zanen da ke fitar da kamannin mutum sak ba. Saboda haka ba su ga dalilin koyar da zane a makarantun da suka kafa ba; akawu da tafinta suke nema. Onabolu ya ɗauki wannan raini a matsayin ƙalubale. Kowane hoto da ya gama, amsa ce yake ba su.

Kuma aikin ba wasa ba ne. Fentin mai, wato garin launi da aka kwaɓa da man 'ya'yan wani tsiro, ba ya bushewa da wuri kamar fentin ruwa. Mai zane zai ɗaure ƙyalle mai kauri a jikin katako, ya shafe shi da farar shimfiɗa, ya fitar da siffar mutum, sa'an nan ya riƙa ɗora launi bisa launi, yana jiran na ƙasa ya sha iska kafin ya ɗora na sama. Hoto ɗaya sai ya ci makonni, mai hoton kuwa sai ya zo ya zauna shiru sau da yawa. Dole mai zane ya san yadda ƙashi da tsoka suke a ƙarƙashin fata, ya san inda haske ke sauka a goshi da inda inuwa ke kwanciya a gefen hanci. Ga wata wahala kuma da ba a cika ambata ba: littattafan da ya koya daga cikinsu duk farar fata suka koyar da zanawa. Yadda za a haɗa launin da zai fitar da baƙar fata da sheƙinta, ba ta dushe ta zama dunƙulen duhu ba, wannan shi da kansa ya laluba.

A 1920 ya nuna ayyukansa ga jama'a a Ikko, ya kuma buga wani ɗan littafi a kan zane. A shekarar ce ya haye jirgin ruwa zuwa Ingila. Ya yi karatu a makarantar zane ta St John's Wood a Landan, ya kuma je makarantar Julian a Faris ta ƙasar Faransa. A ganina, ba koyon zanen ne kaɗai ya kai shi ba, don kuwa ya riga ya iya. Takardar shaida ya je nema, domin ya san gwamnatin mulkin mallaka ba za ta saurari mutum ba sai da takarda, kamar dai yadda har gobe abin yake a ofisoshinmu. Ya komo gida a 1922.

Daga nan rayuwarsa ta rabu biyu. Gefe guda yana zana manyan Ikko, irin su Likita Oguntola Sapara, wanda ya yi suna wajen yaƙi da cutar agana, da Bishof Oluwole. Ya kan zaunar da su cikin shiga ta alfarma, fuska a natse, yadda duk wanda ya kalla zai san mai mutunci yake kallo. Ɗaya gefen kuma yana zagaya makarantun sakandare na Ikko, har da King's College da makarantar CMS, yana koyar da yara. Ya matsa wa ɗalibansa a kan darasin nisa da kusa, wato yadda hanya ke tsukewa a ido in ta yi nisa, da yadda na nesa ke ƙanƙancewa, har yaran suka laƙaba masa sunan darasin.

Da ya ga aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai ya dami hukumar ilmi da roƙo a kawo ƙarin malaman zane. A 1927 aka kawo wani Bature, Kenneth Murray. A nan ne abin ya juya masa. Murray bai yarda da hanyar Onabolu ba ko kaɗan. Shi a ganinsa bai kamata yaran Afirka su kwaikwayi Turai ba, gara su koma ga sassaƙa da ginin tukwane da zanen rayuwar ƙauye. Ka ga ikon Allah: baƙin mutum yana cewa a koya wa yara dabarar Turawa, Bature kuma yana cewa a bar su da ta kakanninsu. Kowannensu yana da hujja, amma ni dai na fi jin ta Onabolu, domin wanda aka ce masa ba zai iya ba shi ya san zafin maganar. Murray ya horar da ɗalibai, cikinsu har da Ben Enwonwu wanda ya zo ya yi suna a duniya, daga baya kuma ya koma aikin adana kayan tarihi, wanda ya kai ga buɗe gidan tarihi na Onikan a 1957.

Muhawarar ba ta mutu ba, Arewa ta koma. A 1958 wasu ɗaliban zane a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, suka kafa ƙungiya, cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Suka ce ba za su bi tsarin Turai ido rufe ba, za su gauraya dabarar zamani da zanen gargajiya. Wasu masu sharhi suka riƙa ganin irin zanen Onabolu ya tsufa. Sai dai ajin zanen da ya share wa irin waɗannan samari hanya, shi ya yi fafutukar a buɗe shi tun ba a haife su ba.

Onabolu ya rasu a Ikko a 1963, ƙasa da shekara 3 bayan samun mulkin kai, yana da shekara 80. A ranar 13 ga Satumba 2016 kamfanin Google ya sa zane a shafinsa na farko don tunawa da cika shekara 134 da haihuwarsa.