Turancin Mutanen Da: Ta Wace Hanya Suka Koye Shi?

Jama'a, duk shekara idan sakamakon WAEC ko NECO ya fito, sai mu ji kuka iri ɗaya a gidajenmu na Arawa: yaro ya ci lissafi, ya ci kimiyya, amma Turanci ya kayar da shi. Ga shi kuwa ba a shiga jami'a sai da kiredit a Turanci. Shi ya sa muka ga ya dace mu waiwayi yadda magabatanmu suka koyi wannan harshe har suka gagara.

Lokacin da Ɗan Hausa ya buɗe makarantar Nassarawa a Kano a shekarar 1909, da Hausa aka soma karatun boko. Haka aka ci gaba a makarantun elemantare. Sai yaro ya iya karatu da rubutu da Hausa sosai, sannan idan ya shiga Midil a ɗora masa Turanci. A wancan zamani Gombe tana cikin Lardin Bauci ne, saboda haka Midil ta Bauci ita ce ta yaran wannan yanki. Masu hazaƙa kuma a wuce da su Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922.

To, a Katsinan nan fa ba a wasa da lafazi. Malam zai tsayar da ɗalibi ya karanta da ƙarfi, ya maimaita kalma har sai ta zauna a bakinsa. Ga shifta, ga rubutun insha'i, ga muhawara. Kalmar da aka koya yau, gobe sai an gan ta cikin jimla. Nan Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi karatu daga 1928 zuwa 1933, ya koma Midil ta Bauci yana koyarwa. Mutumin da Turancinsa ya burge Turawan kansu, shi ne dai ya rubuta mana Shaihu Umar da Hausa, aka buga a 1934. Ashe ƙwarewa a harshen gida ba ta hana Turanci.

Ba a aji kaɗai abin ya tsaya ba. Kamfanin Gaskiya na Zariya ya fito da jaridar Nigerian Citizen a 1948, New Nigerian ta biyo baya a 1966. Ƙamus na Turanci da Hausa na Neil Skinner kuma ya fito a 1965. Mai neman sababbin kalmomi ya sami abin karantawa da wurin dubawa.

Da shirin UPE ya zo a 1976, yara suka cika makarantu maƙil, abin farin ciki. Sai dai malamai ba su wadatu ba. Malamin da ke da yara cunkushe a aji, ina zai iya gyara insha'in kowa? Sannu a hankali aka koma haddar jerin kalmomi don jarrabawa kawai.

Iyaye, hanyar nan ta da ba ta da tsada. Mu saya wa yaro ƙamus da littafin rubutu guda. Kullum ya karanta shafi ɗaya da ƙarfi, ya tsinci kalmomi biyar, ya sa kowace cikin jimla. Ƙarshen mako ya rubuta wasiƙa ko labarin kasuwa, wani yayansa ya duba masa da jan biro. Da ma an ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya sa mu dace, amin.