Tazarce

tazarce (suna, namiji, daga *ta zarce*). 1. Ci gaban mai mulki a kan kujera bayan wa'adinsa ya cika, ko ta sabon zaɓe ko ta taɓa kundin tsarin mulki. 2. Kiran da magoya baya ke yi don hakan.

Kalmar ta yi ƙarfi a Nijeriya zamanin Abacha, a 1998. A Nijar ta zama sunan yunƙurin Shugaba Tanja Mamadu na 2009: ya rushe majalisar dokoki da kotun tsarin mulki, aka yi ƙuri'ar raba gardama ran 4 ga Agusta, ya ƙara shekara 3. Sojojin Salu Jibo suka kifar da shi ran 18 ga Fabrairu, 2010.

Misali: *A rumfar mai shayi ta Dogon Kiriya, Malam ya ce: "Ɗan'uwa, jiya ka zagi tazarce, yau da naku ne kana tafi?"*

Lura: bakin ɗan jam'iyya kan kira na abokin hamayya cin amana, nasu kuwa "ƙarasa aiki". Wannan son kai ne. Doka ɗaya ce ga kowa.