Wa Ya Cusa Kemistiri a Digirin Bayoloji?

Ranar da na faɗa wa Yayata a waya cewa 'yar wajena ta samu gurbin karatun bayoloji a jami'a, sai ta yi jim, sannan ta ce, "Ayya, ashe ba a ba ta likitancin ba? To, Allah Ya sa haka ne mafi alheri." Jaje ta yi mini a inda nake jiran barka. Ban ga laifinta ba. A gida Najeriya daga sakandare yaro yake rubuta JAMB ya nemi likitanci kai tsaye, ya yi shekara shida ya fito. Wanda makinsa bai kai ba shi ake turawa bayoloji, ya karɓa yana ƙunƙuni. Nan Amurka kuwa, in ban da 'yan tsirarun jami'o'i masu tsari na musamman, sai ka gama digirin farko na shekara huɗu tukuna ka nemi makarantar likitanci.

Bayan 'yan makonni na dawo daga aikin dare na tarar da yarinyar a teburin kicin ta tasa takardar kwasa-kwasanta a gaba. Kemistiri zango huɗu, fiziks zango biyu, ga lissafi, ga Turanci, ga tarihi. Ta ce, "Mama, ni fa bayoloji na ce zan karanta. Wa ya cusa duk waɗannan?" Ni da na yi digirin aikin jinya ban da amsa. Abin ya tsaya mini a rai har sai da na bi sawunsa.

A tsakiyar ƙarni na 19 makarantar likitanci a Amurka kasuwanci ce kawai. Likitoci kaɗan su haɗu su kama ɗaki, ɗalibi ya biya kuɗi ya saurari lacca ta wata huɗu ko biyar, baɗi ya dawo ya sake sauraron laccar nan dai, shi ke nan a ba shi takarda. Da yawa ko shaidar gama sakandare ba sa tambaya. Da Charles Eliot, wanda shi kansa masanin kemistiri ne, ya zama shugaban jami'ar Harvard a 1869, ya nemi a riƙa yi wa ɗaliban likitanci jarrabawa a rubuce. Ya ba da labarin cewa babban malamin tiyata na makarantar ya ƙi, wai fiye da rabin ɗaliban da ƙyar suke iya rubutu. A Harvard fa ke nan.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka karya wannan al'ada mace ce, kuma ita kanta ba ta yi jami'a ba. Jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimore ta buɗe asibitinta a 1889, amma kuɗin buɗe makarantar likitanci ya gagara. Sai Mary Elizabeth Garrett, 'yar shugaban wani babban kamfanin jirgin ƙasa, ta ba da fiye da dala 350,000 daga aljihunta. Ta kuma kafa sharuɗɗa: a ɗauki mata daidai da yadda ake ɗaukar maza, duk mai son shiga ya zo da digirin farko, ya karanta kemistiri da fiziks da bayoloji, ya kuma iya karanta Faransanci da Jamusanci. Manyan malaman sun tsorata, suna ganin ba za a samu ɗalibai ba. Har ana cewa William Osler ya yi wa abokin aikinsa barkwanci cewa sun yi sa'a a malamai suka shigo, don da a ɗalibai ne da ba a ɗauke su ba. Ita kuwa ta ƙi janye ko ɗaya. Aka buɗe a 1893 da ɗalibai 18, uku mata. Duk sanda na ga likita mace ta shigo ɗakin marasa lafiya tana ba da umarni, matar nan takan faɗo mini a rai.

Abin da Garrett ta ɗora wa makaranta ɗaya, Abraham Flexner ne ya shimfiɗa wa ƙasa baki ɗaya. Shi ba likita ba ne, malamin makaranta ne daga Louisville, tsohon ɗalibin Hopkins. Gidauniyar Carnegie ta tura shi ya zagaya makarantun likitanci 155 na Amurka da Kanada, ya fitar da rahoto a 1910. Ya ce kada a ɗauki kowa sai ya yi aƙalla shekara biyu a jami'a yana karanta kemistiri da bayoloji da fiziks. Jerin nan da ke kan teburina, asalinsa ke nan. Cikin shekara ashirin kusan rabin makarantun suka rufe ko suka haɗe da wasu.

Ba zan yi masa kirari in wuce ba. Makarantun likitanci bakwai ne na baƙar fata a lokacin, biyu kacal suka tsira: Howard a Washington da Meharry a Nashville. A ra'ayinsa likita baƙi aikinsa ya kula da tsaftar mutanensa, har da dalilin kada cuta ta tsallaka wa farare. Gyaran ya tsare marasa lafiya daga hannun likitocin bogi, wannan gaskiya ne. Amma ya mayar da likitanci karatun shekara takwas da sai mai hali yake iya ɗauka, kuma 'ya'yanmu da fatarsu da aljihun iyayensu suna cikin waɗanda ke jin nauyinsa har yau.

Ita kuma lambar nan 120 da ke ƙasan takardar, danginta ma suna wajen Carnegie. A 1905 ya ware dala miliyan 10 don fanshon malaman jami'a, gidauniyar ta buƙaci ma'aunin da za a tantance makarantun da suka cancanta, aka koma auna karatu da awa. Daga irin wannan lissafi kiredit ya kafu: awa ɗaya a aji duk mako, na kimanin mako 15. Iyaye, ku riƙe wannan. Makaranta tana kiran mai kiredit 12 a zango cikakken ɗalibi, amma 12 sau takwas 96 ne. Sai da 15 a kowane zango ake kai 120 a shekara huɗu. Na san gidan da suka biya kuɗin shekara ta biyar saboda ba wanda ya yi musu wannan ɗan lissafin.

Kemistirin kuwa sarƙa ce. Sai ka ci zango biyu na gama-gari a bar ka ka shiga oganik, sai ka fita oganik ka taɓa bayokemistiri. Tun 2015 jarrabawar MCAT ta shiga makarantar likitanci ta ƙara bayokemistiri da ilimin halayyar ɗan'adam da na zamantakewa, kuma wanda ke son wucewa ba tare da tsayawa ba a ƙarshen shekara ta uku yake rubuta ta. Wanda ya ɗage kemistiri zuwa shekara ta biyu don tsoro, komai nasa ya ja baya da shekara guda. Muka sa shi a zangon farko, duk da ɗakin gwajinsa awa uku ne a mako a kan kiredit ɗaya tal.

Saura tarihin. Eliot ya sakar wa ɗaliban Harvard mara su zaɓi kusan duk abin da suke so. Lawrence Lowell da ya gaje shi a 1909 ya ga abin ya zama cin tuwo ba miya, ya ce kowa ya zurfafa a fanni ɗaya, ya kuma ɗanɗana sauran. A wannan gurbi yarinyar ta zaɓi tarihin Afirka ta Yamma. Babansu ya leƙo ya ce, "Wannan kuma me zai ƙara wa likita?" Ta ce, "Baba, ai ban ce maka tabbas likita zan zama ba." Ya dube ni, na dubi takardar. Wannan maganar dai ban kai wa Yaya ba tukuna.