Yadda ake bayar da makin aikin rukuni a manhajar Moodle

Moodle manhajar koyarwa ce ta intanet wadda Martin Dougiamas, ɗan ƙasar Ostireliya, ya fitar a shekarar 2002. A cikinta malami kan raba ɗalibai rukuni-rukuni, mutum ɗaya ya ɗora aikin a madadin sauran, sannan malamin ya zaɓi bai wa kowa maki ɗaya ko ya bambanta.

A nan gizo ke saƙar. Makin bai-ɗaya yana rage wa malami wahala, amma yana daidaita wanda ya kwana yana bincike da ɗan a-bi-Yarima-a-sha-kiɗa, alhali makin na iya shiga sakamakon ƙarshen zango.

A zauren tattaunawa kuwa, ana auna kowane saƙo, manhajar ta fitar da matsakaicin maki, ko jimla, ko mafi girma, ko mafi ƙanƙanta, ko adadin saƙonnin da aka auna. Ƙidayar ce mafi rauni, domin saƙo goma na “na yarda” sai su rinjayi hujja ɗaya mai nauyi. Tun daga sigar 3.8 ta shekarar 2019, malami na iya ganin duk saƙonnin ɗalibi wuri guda, ya auna su gaba ɗaya.